Goɗiyar da Cikinta Ya Kwanta

Na gaji da jin yadda kuke ba da labarin goɗiyar nan. Duk sallar da kuka taru a tsakar gidan nan sai wani ya tono shi, a yi ta ƙyaƙyata dariya, wai babanku ya sayi iska a kasuwa, wai goɗiyarmu ta yi shekara biyu da ciki kamar giwa. Har jikokina sun haddace. Shi kuwa bawan Allah sai ya sunkuyar da kai yana murmushi, bai taɓa buɗe baki ya kare kansa ba. To ni ba irinsa ba ce, kun sani. Ku zauna ku ji yadda aka yi daga bakin wadda ta ƙulla abin, don rabin abin da kuke faɗa ba haka ba ne, ɗaya rabin kuma ba laifin babanku ba ne.

Sai na faro muku daga kakanku, Baba. Ku manya kun san shi da ƙarfinsa a ƙauyenmu na bayan Kuyello, amma ƙananan a makance suka tarar da shi. Baba mutumin doki ne tun yana saurayi. Ba na ado ba, na tafiya. A kan doki yake zagaya gonakinsa, a kan doki yake zuwa cin kasuwa da gaisuwar mutuwa. Na ƙarshensa shi ne Bidi, wani fari mai ɗigo-ɗigo, wanda ko da yanar ido ta makantar da Baba, shi yake kai shi masallacin Juma'a ya dawo da shi ba mai ja. Da ɓarayin daji suka fara matsa wa ƙauyuka, kowa na ɗaure kaya, Baba ya ce shi inda aka binne cibiyarsa nan za a binne shi. Amma in ka ji ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Ranar da suka shigo mana da la'asar sakaliya, suka kore shanun gari kaf, suka kwance Bidi daga turkensa Baba yana tsaye yana jin haniniyarsa tana nisa, ranar ya daina gardama. Muka hau akori-kura muka nufo Birnin Gwari. Kowa ya ɗauko abin da ya fi so. Baba turken Bidi ya sa aka tuge masa, ya rungumo shi har cikin mota.

A gidan nan da muka sauka Baba ya fara mutuwa a zaune. Ba ciwo ba ne, don mun kai shi asibiti an auna an ce lafiyarsa ƙalau in ban da tsufa. Abinci ya daina ci. In tuƙa tuwon masara da laushi, in kaɗa miyar kuka da daddawar da na san yana so, kwano ya dawo mini yadda na kai shi. Na dama fura, na dama kunun tsamiya, sai dai ya kurɓa sau ɗaya don kada in ji kunya. Ni kuwa ina son tsohon nan. Tun da aka kawo ni gidansu daga Kutemeshi ina yarinya, bai taɓa kiran sunana ba, 'Yar Kutemeshi yake ce mini, kuma bai taɓa barin kowa ya taka ni ba. Rannan na durƙusa a ƙofar ɗakinsa na ce don Allah ya ci ko loma biyu.

"'Yar Kutemeshi," in ji shi, "mai cin abinci gobe yake jira. Ni me zan jira?"

Na koma madafa na yi kukana. Da babanku ya dawo daga shagon ɗinki na faɗa masa. Kun san shi, maganarsa a ciki take dahuwa. Bayan an gama girbin dawa, wata ranar kasuwa, ina cikin shara sai na ji ana kokawa da ƙofar zaure. Na ɗaga kai, sai ga telan gidanmu, mutumin da ko jaki bai iya hawa ba, yana janye da wata jar goɗiya mai farin goshi. Haƙarƙarinta a fili, amma ciki gaba ɗaya kamar randa.

"Malam, mene ne wannan?"

"Goɗiya ce, Ladi."

"Ai na ga ba akuya ba ce. Ta wace ce?"

"Ta Baba. Ciki gare ta, wata huɗu. Dillalin ya rantse mini."

"Dillali ya rantse! To madalla. Da me ka saya?"

Ya kawar da kai. Ashe ɗaya daga cikin kekunan ɗinkinsa biyu ya sayar, mai kyaun. Na buɗe baki zan sauke masa kwandon masifa, in ce masa wannan ai cinikin biri a sama ne, sai na ji ƙarar sanda a bayana. Baba ne ya fito. Mutumin da sai an ɗaga shi zuwa alwala, shi ne ya taso da ƙafarsa don ya ji takun kofato. Ya miƙa hannu ya laluba hancinta, ya bar ta ta sansana shi, ya zura yatsa ya taɓa haƙoranta, ya bi gezarta da bayanta har gindin wutsiya. Sannan ya kwantar da kunnensa a kuiɓinta yana saurare. Mu kuma muka zuba masa ido.

"Akwai motsi," in ji shi. "Ku ɗauko mini turken nan a ƙarƙashin gado."

Da aka kafa turken aka ɗaure ta, ya ce sunanta Baƙuwa, don ita ma ba 'yar garin ba ce. Ya juyo wajen da yake jin numfashina ya ce ba inda za shi sai ya shafa ɗanta da hannunsa, in ya shafa sai ya tafi. Da magariba kwanon tuwo ya dawo mini a suɗe. Na haɗiye masifata, har yau ban sauke ta ba.

Daga nan gidan ya koma na Baƙuwa. Baba ne ke cewa a jiƙa dusa, a sa kanwa kaɗan, harawar wake ban da mai ruɓa. Ya sa aka mayar da tabarmarsa gindin mangwaro kusa da turke, yana wuni yana yi mata hira, har nama ya fara dawowa kumatunsa. Amma ni hankalina bai kwanta ba, don na san rantsuwar dillali. Na je wajen maƙwabcinmu Mista Bulus, mutumin kudancin Kaduna ne da ya yi aikin malamin dabbobi a nan har ya yi ritaya, katanga ɗaya ta raba mu, matarsa kuwa ƙawata ce ta ƙut da ƙut. Na roƙe shi ya zo ya duba mana. Ya zo da doguwar safar hannu ta leda da sabulu, aka ɗaure mata ƙafa ɗaya sama, ya zura hannu ta bayanta har kafaɗa. Baƙuwa ta ce ba ta san zancen ba. Ta yi ta tirjiya da nishi har ya zare hannunsa yana gumi, ya ja ni gefe.

"Maman yara, da saniya ce, da yanzu na gaya miki har watanninta. Shekaruna a kan shanu suka ƙare. Goɗiya kuwa hanjinta ba ya son wasa, in na matsa zan iya yi mata rauni. Na taɓa wani abu, amma ko mahaifa ce ko mafitsara ce ta cika, ba zan rantse ba."

"To ya za a yi a sani?"

"Akwai na'urar da ke nuna hoton ciki, amma sai Zariya. Wa zai ɗora doki a mota ya bi hanyar nan yanzu?"

Gaskiyarsa. A lokacin mutum ma sai ya yi sallama da iyalinsa kafin ya hau hanyar. Baba da ya ji an ce likita bai tabbatar ba, sai ya yi tsaki ya ce shi yana da awon da ya girmi leda. Ya aika aka kira wani mutum a bakin gari mai ba angwaye hayar doki, ya zo da ingarmansa. Ana matso da shi, Baƙuwa ta kwantar da kunnuwa ta sakar masa harbi biyu, saura kaɗan ta cire masa haƙora. Baba ya yi dariyar da rabonmu da jin ta tun ƙauye, ya ce mai ciki ba ta karɓar namiji, magana ta ƙare. Mista Bulus ya bari sai da muka fito zaure sannan ya ce mini a hankali, da rani goɗiya ko ba ta da komai takan yi harbi. Kai, kowa a unguwar nan sai da ya zama likita. Mai goro ya ce namiji za ta haifa don cikin ya karkata dama. Mata suna leƙa hantsarta suna cewa ta fara cika. Ni in duba da safe in ga ciki, in duba da yamma in ga ciyawa.

Haka muka ci rani. Watannin da dillali ya faɗa suka cika, ruwa ya sauka, aka yi shuka, Baƙuwa shiru. Wata ranar Asabar ana kai ango a kan doki ta bayan katangarmu, sai ta ɗaga kai ta yi wata irin haniniya, ta ɗage wutsiya, tana fitsari kaɗan-kaɗan tana neman tsinke igiya. Ni 'yar ƙauye ce, ba sai an fassara mini ba. Na duba gindin mangwaro, Baba yana kishingiɗe, ya rufe fuska da rawani kamar mai barci. Washegari da ya tafi masallaci na kira Mista Bulus. Wannan karon ta tsaya masa cik, ya duba a tsanake, ya wanke hannunsa ya daɗe bai dube ni ba.

"Babu komai, Maman yara. Ciyawa ce da tsutsar ciki. Ba ta taɓa ɗauka ba."

A ranar muka yi faɗan da ba mu taɓa yin irinsa ba ni da babanku. Shi ya ce zai nemo dillalin ko a ina yake, kuma zai je ya durƙusa ya gaya wa Baba gaskiya. Na ce dillali ya bi iska, kuma in ya gaya wa Baba, to ya biya ta kasuwa ya yanko likkafani, tunda shi tela ne. Maganar ta yi masa zafi, na gani a idonsa.

"Ladi, ban taɓa yi wa mahaifina ƙarya ba."

"Ba kai za ka yi ba. Ni zan yi. Kai naka shiru."

"Ramin ƙarya ƙurarre ne."

"Na ji. Amma ya fi ramin kabari tsawo."

Ku 'yan boko ba lalle ku san kwantaccen ciki ba. A wajenmu, in mace ta ce tana da ciki, watanni suka wuce ba haihuwa, akan ce cikin ya kwanta, ɗan yana barci, sai ranar da Allah Ya tashe shi. Gwaggona an ce shekara uku nata ya yi a kwance, kuma ba wanda ya ɗaga mata gira. Ban taɓa jin an faɗa wa dabba haka ba, amma ban taɓa jin an hana ba. Na yi alwala, na je na durƙusa a gefen tabarmarsa.

"Baba, an duba Baƙuwa. Cikin ne ya kwanta. Wahalar da ta sha kafin ta zo hannunmu ce ta sa. Za a kai ta asibitin dabbobi a yi mata allurar da za ta tashe shi, amma sai an ƙara haƙuri."

Sai ya ce, "To. Allah Ya tashe shi lafiya." Ya ce in miƙo masa furarsa.

Mista Bulus da na gaya masa sai ya riƙe haɓa. Ya ce duk karatunsa bai gamu da wannan ba, amma tunda ba a tambaye shi ba, shi ma ba zai amsa ba. Shi ya ba ta maganin tsutsa, kuma shi da babanku suka ja ta zuwa asibitin, wato gidan mai dokin angwaye. Ta kwana biyu a can ta dawo tana tafiya a natse. Babanku ya yi mako bai ci tuwona da daɗi ba. Amma bai tona ni ba, kuma shi ya ɗauki kunyar abin a kansa. Labari ya bazu cewa goɗiyar tela cikinta ya kwanta. Duk wanda ya zo karɓar ɗinki sai ya tsaya a ƙofar shago ya ce, "Tela, giwar ta sauka?" A majalisa aka sa masa suna Mai Kwantacce. Kalma ɗaya ta ishe shi ya wanke kansa, ya ce matata ce ta ƙirƙira, bai faɗa ba. Tsofaffin unguwa kuwa gaskata ni suka yi, suna aiko mini da saiwoyi da rubutun tashin ciki, ina karɓa da godiya ina zubawa a bayan ɗaki ina neman gafarar Allah.

Kada ku zaci na samu kwanciyar hankali. Goɗiya wata goma sha ɗaya take yi, kuma ba wanda ya ba ni tabbacin ta ɗauka. Bayan 'yan watanni Mista Bulus ya sake dubawa ya ce wannan karon yana kyautata zato, amma kada in riƙe shi da magana, mutum ɗaya ba ya son ya kunyata sau biyu a gida ɗaya. Ciki ya sake girma, to amma da can ma ai ya girma. Sai wata safiya da sanyi, na kawo mata ruwan rijiya tana sha, na ga kuiɓinta ya yi wani zillo, kamar an tokare shi daga ciki da gwiwa. Na ajiye bokiti na dafa wajen. Ya sake harbin tafin hannuna. Wallahi sai da na zauna a ƙasa. Amma murnar ba ta kai azahar ba, don na tuna abin da Baba ya faɗa ranar farko: in ya shafa sai ya tafi. Ga ni a tsakiya. In ba ta haihu ba na rasa shi, in ta haihu na rasa shi. Har na riƙa roƙon Allah a raina, da ma cikin ya kwanta da gaske.

Ruwan farko na shekara ta biyu ya sauka ranar wata Laraba. Washegari na fito hura wuta bayan sallar asuba, sai na ga abu a tsaye kusa da Baƙuwa, jiƙe sharkaf, ƙafafu dogaye suna karkarwa kamar na mai zazzaɓi. Duƙushi ne, ja kamar uwarsa, da farin goshinta. Na ƙwala wa babanku kira. Shi ya kamo hannun Baba ya kawo shi. Tsohon ya durƙusa a cikin taɓo da fararen kayansa, ya laluba kunnuwan, ya bi wuyan, ya shafa ƙafafun ɗaya bayan ɗaya har kofato, yana magana ƙasa-ƙasa da ba mu ji. Ni ban iya tsayawa ba. Na shige madafa na toshe bakina da zani ina kuka, ina cewa shi ke nan, ya shafa.

"'Yar Kutemeshi!"

Na share fuska na fito na durƙusa. Hannunsa yana kan wuyan duƙushin.

"Goɗiya ba a barin ta ta huce. Kafin sati biyu ake mayar da ita wajen namiji, a lokacin ta fi saurin ɗauka. Ki gaya wa mijinki." Ya juyo wajena. "Wannan karon ba sai kun ce mini asibiti za ku kai ta ba."

Babanku ya dube ni, na dubi ƙasa. Kunya kamar in nutse. Da ƙyar na ce, "Baba, tun yaushe?"

"Da fari ni ma ta ruɗe ni. Motsin hanji na ji na ce ɗa ne, kunnen tsoho. Amma ranar da aka wuce da angon nan, na ji kukanta. Ido na rasa, ba kunne ba." Ya yi 'yar dariya. "Na kwanta ina jiran a zo a gaya mini in naɗe tabarmata. Sai ga ki kina rawar murya, wai ciki ya kwanta. Na ce yarinyar da ta iya kwantar da cikin doki don in ci tuwo, ai ba a bar mata tuwon a kwano ba."

Aka mayar da Baƙuwa, ta kuwa ɗauka, wannan karon ba wanda ya kira likita. Baba ya ga yaye duƙushin, shi ya fara sa masa ragama da hannunsa, ya sa masa suna Bidi ko da yake ja ne, ba wanda ya yi masa gardama. Ɗa na biyun ne bai shafa ba. Saura kamar wata biyu ta haihu, ya kwanta zazzaɓi na 'yan kwanaki. Ranar ƙarshe na kai masa kunu ya sha rabi, ya tambaye ni ko hantsarta ta fara cika. Na ce ta fara. Ya ce a ajiye masa sauran kunun, zai sha anjima.

To kun ji. Goɗiyarmu wata goma sha ɗaya ta yi kamar kowace goɗiya. Babanku kuma ba iska ya saya ba. Keken ɗinki ya bayar, da mutuncinsa a majalisa, ya karɓo wa ubansa damina biyu. In sallah ta zo kuka taru, wanda duk ya sake ce masa Mai Kwantacce, ko da wasa, ni da shi ne. Turken yana nan inda aka kafa shi, gindin mangwaro, kada wanda ya tuge shi ko bayan raina.